Na'urar DVD ta karce mani faifan Baba, ga kuma rigima da mijin ƙanwata

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni tela ne a unguwar Bagalam nan Maradi, kuma shirinka ba ya wuce ni, ina kan keke rediyo na gefena. Ban taɓa rubuto maka ba sai yau. Kwana 4 ke nan rabona da barcin kirki, shi ya sa na ce bari in zube maka abin da ke cikina ko na samu sauƙi.

Tambayata a kan na'urar DVD ce, wadda yaran kasuwa ke ce wa lekter. Ina son in san wacce zan saya da ɗan abin da ya rage a hannuna, wadda za ta dace da sabuwar tele. Amma sai na faro maka daga tushe, in ba haka ba za ka ce me ya yi zafi a kan ƙarfe.

Babanmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Mutum ne da ba ya son hoto ko kaɗan, in ya ga an ɗaga waya sai ya kau da kai. Duk duniya wuri ɗaya ne muke da muryarsa da motsinsa, wato faifan ɗaurin aurena na 2011. A ciki akwai inda yake zaune kan tabarma a ƙofar gidanmu, da farar babbar riga wadda ni na ɗinka masa da hannuna, yana yi mani nasiha wajen minti 7. Yaron da ya ɗauki bidiyon ya tafi Jado neman zinariya tun 2014, ba wanda ya san inda yake yanzu. Kwafi biyu ya ba mu. Ɗaya yayata ta tafi da shi Tasawa, ya ɓace mata wajen ƙaura. Saura ɗaya tak, shi ne yake cikin akwatin Inna, naɗe a ɗankwali.

Tun bayan takaba Inna ta ɗauki al'ada, duk Juma'a bayan la'asar sai ta ce a sa mata Malam, haka take kiransa. Da tsohuwar tele mai doro muke kallo, da wata tsohuwar na'ura da ta yi mana shekara 10 kafin ta daina karanta komai. Idon Inna kuma ya fara rauni, sai ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Abin ya riƙa ci mani rai. Da aka yi ɗinkin babbar salla na kwana kan keke sati 3, na haɗa da kuɗin adashi, na sayi tele mai inci 43, irin siraran nan da ake kafawa a bango, Full HD aka rubuta a kwalinta. Ban saya don ƙwallo ba Malam, Allah ne shaidata, ko da yake matata na cewa har da ƙwallon. Don Inna ta ga fuskar mijinta da girma na saya.

To da kuɗi suka ƙare a tele, sai na nufi Babbar Kasuwa wurin mijin ƙanwata, shagon kayan wuta gare shi. Mutumin nan Malam, lokacin da ya zo neman ƙanwata ko tebur ba shi da shi, a tire yake yawo da batur da cocila. Ni na tsaya masa wurin Baba. Kayan da ya sa ranar aurensa ni na ɗinka ban karɓi ko dala ba. Ba gori nake ba, ina faɗa maka ne don ka san irin amanar da na je da ita. Na ce masa ga irin tele da na saya, ga abin da nake so da ita. Ya ce “Yaya, kada ka damu,” ya miƙo wata a kwali mai ƙyalli, an rubuta 1080 da manyan lambobi a jiki, ya ce jika 13 don ni ne. Sai da na je gida na lura sunan da ke jikinta ya yi kama da na wani babban kamfani, harafi ɗaya kawai aka canza. Ba takardar saye, ba garanti. Wa zai nemi takarda a hannun suruki?

Daren farko na jona wayoyin nan 3, rawaya da ja da fari. Hoto ya fito baƙi da fari yana rawa. Na kira ɗan wana da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, shi ne mai ido a kan waɗannan abubuwa a gidanmu. Ya shiga cikin saitin na'urar ya canza tsarin hotonta daga wanda ake ce wa NTSC zuwa PAL, launi ya dawo. Amma Malam da fuskar Baba ta fito sai da gabana ya faɗi. Ta yi faɗi kamar an ja ta da hannu biyu, idanunsa sun narke cikin fuska, aikin zaren da na yi a wuyan rigar ya zama dunƙulen fari kawai. Inna ta daɗe tana kallo, ta ce “Wannan ba Malam ba ne, Malam ba shi da ƙiba.” Ta tashi ta shige ɗaki.

Yaron ya gyara maganar faɗin, ya ce bidiyon an ɗauke shi da tsarin 4:3 na tsofaffin tele, sabuwar kuma 16:9 ce, ita ke miƙe shi don ya cika gilashi. Ya mayar da shi daidai, aka samu baƙi a gefe biyu, Baba ya koma siririnsa. Dishi-dishin ne ya ƙi tafiya. Ya zauna ya yi mani bayani, na sa ya maimaita har na rubuta a littafin awo. Ya ce hoton faifan DVD layi 576 gare shi, ita kuwa telen layi 1080 take nunawa, faɗinta ɗigo 1920. Dole a buɗa ƙaramin hoto ya cika babban wuri, kamar ka ce yadi 2 ya yi maka babbar riga. Tsofaffin faifan VCD na tafsiri da Inna ke da su ma sun fi muni, layi 288 ne. Ya ce kuma wayar nan rawaya ita ce mafi raunin hanya, tana cakuɗa haske da launi a waya ɗaya, a tsohuwar tele ba a gani, a babba komai sai ya tonu. Abin da ya dace shi ne na'ura mai ramin HDMI, waya ɗaya ta ɗauki hoto da murya ba tare da an dagula su ba, kuma irinta tana buɗa hoton zuwa 1080 kafin ya isa tele. Ya dai gargaɗe ni cewa ba za ta ƙirƙiro abin da babu a faifan ba, tsabta kawai za ta ƙara.

Muka juya bayan na'urar. Babu ramin HDMI, Malam. Ramuka 3 ne kawai. A kwali ne kaɗai 1080 ɗin yake. Mutumin da ke sayar da kayan nan shekara da shekaru zai ce bai sani ba?

Ba wannan ne ya hana ni barci ba ma. Ranar Juma'ar da ta wuce waccan, faifan na ciki yana juyawa aka ɗauke wuta, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Ba ni da regilater, abin daidaita ƙarfin wuta, a kanta, wanda nake da shi yana shago. Da wuta ta dawo na'urar ta yi wani ƙara kamar ana gurza ƙarfe, bakinta ya ƙi buɗewa. Na danna na danna, shiru. Na ɗan bubbuga ta a sama, ba da ƙarfi ba. Daga baya na sa bakin almakashi na ɓanɓaro farantin a hankali. Faifan ya fito da karce a zagaye, kusa da tsakiya, kamar an zana da allura. Na kai shi shagon maƙwabcina mai tura finafinai, muka sa a kwamfutarsa. Yana farawa lafiya, ga maroƙi, ga rabon goro da dabino, ana zuwa inda Baba ya gyara zama ya ce “To, ɗana,” sai hoto ya daskare, ya farfashe ya zama ƴan murabba'ai, ya tsallake zuwa wurin mata. Daidai wurin, Malam. Na fita waje na tsaya jikin bango don kada yara su ga hawayena.

Matata ta ce almakashina ne. Ni ban yarda ba. Almakashi ai miƙaƙƙen layi zai yi, wannan kuwa zagaye ne, faifai yana juyawa wani abu ya taɓa shi. Ko ɗan wana ya ce karcen zagaye ya fi tsaye illa, don yana bin layin da na'ura ke karantawa, shi ya sa ma ake goge faifai daga tsakiya zuwa baki. Bai dai ce na'urar ce ba, bai kuma ce ni ne ba, ya yi shiru. Amma da na'urar kirki ce ai bakinta ba zai maƙale ba balle in ɗauko almakashi.

Washegari na ɗauki na'urar na koma kasuwa. Na so in yi magana a hankali, amma da na tarar da shi yana shan shayi da abokansa yana dariya sai zuciya ta ɗebe ni. Ya ce kayan da aka buɗe aka ɓanɓare ba ya komawa. Ya ce tun da aka rufe iyakoki a 2023 kaya suka yi tsada, shi ma ba riba ya ci a kaina ba. Sannan a gaban mutane ya ce “Yaya, ai araha ba ta ado.” Ni zai faɗa wa haka? Na ce masa maci amana, na ce ya tuna tiren batur. Na san bai kamata in ambaci tiren ba, amma shi ya fara.

Na manta ban faɗa maka ba, ranar da na je saye ya nuna mani wata ta jika 22, ya ce ta fi. Na ce ba ni da hali. Yanzu shi ke nan abin da yake ta yayatawa a dangi, wai ya ba ni mai kyau na ƙi. Amma “ta fi” kawai ya ce Malam. Bai ce wannan ba ta da HDMI ba, bai ce za ta iya cin faifai ba. Da ya buɗe baki ya faɗa, da na ci bashin jika 9 a ranar. Ƙanwata ta zo gidana shekaranjiya da kuka, wai mijinta ya daina cin abincinta, wai na tozarta shi a kasuwa. Ko faifan ba ta tambaya ba, alhali ita ma ubanta ne.

Yanzu jika 20 ke hannuna, kuɗin wani ɗinki da ban ma gama ba. Na zagaya. Akwai sabuwa mai HDMI da ramin kile USB a jika 18, amma ita ma sunanta ban taɓa jin sa ba, ina tsoron in faɗa ramin da na fito. Akwai ta hannu, irin su Sony da LG da Philips da ake kawowa daga Turai, jika 20, sai dai ba telekomandinta na asali, kuma mai gyara ya ce idon da ke karanta faifai yana gajiya da shekaru, ga ƙurar garin nan lokacin hunturu. An kuma ce na Turai lambar yankinsu 2, namu 5, wasu faifai sai su ƙi, ko da yake yaron ya ce faifan da aka buga a gida irin namu ba shi da wannan kulle. Wani ya ce in ƙara kuɗi in sayi na'urar Blu-ray, ta sabon samfurin faifai, tana karanta DVD ma. Ina zan samu, kuma faifan Blu-ray nawa ne a gidan Inna? Ko ɗaya babu. Shi ɗan wana cewa yake in bar na'ura gaba ɗaya, a kwashe komai a kwamfuta a mayar da shi MP4 a zuba a kile, tunda telen tana da ramin. To Inna tana da faifai sun fi 40, tafsiri da wa'azi da finafinan Kano, ta san kowanne da kalar bayansa. Ba ta iya karatun boko ba, yaya za ta nemo abu a cikin jerin sunaye?

Wacce za ka ce in ɗauka, sabuwa marar suna ko tsohuwa mai suna? In na je saye me zan duba bayan ramin HDMI, kuma ya dace in tafi da wani faifan a gwada a gabana? Shi kuma faifan Baba, wasu sun ce in shafa man goge baki, wasu sun ce akwai injin da ke goge karce, a Kano ko Katsina za a samu. Ina tsoron in taɓa in ƙarasa shi. Ko cikin masu saurare akwai wanda ya taɓa ceto irinsa?

Sannan Malam, kuɗina jika 13, in bar masa ko in kai magana wurin kawunmu? In na bari zai ce ya yi gaskiya. In na bi, ƙanwata ce za ta sha wuya a gidansa, na san halinsa. Wana ya ce ni ne babba, in je in ba shi haƙuri a kan maganar tire. In ba shi haƙuri, shi da ko “Allah ya kyauta” bai ce mani ba a kan faifan?

Inna ba ta san komai ba har yanzu. Na mayar da faifan cikin ɗankwalinsa na sa a akwati yadda yake. Juma'ar da ta wuce na ce mata wuta ba ta da ƙarfi. Ban taɓa yi mata ƙarya ba tun da na girma. Yau da na kai mata cefane ta ce “Gobe dai a sa mani Malam, ko da dishi-dishin ne, murya nake so.” Don Allah in da hali ka karanta wasiƙar nan a shirin daren yau, kada ka ambaci unguwa, tana saurare wani lokacin. Me zan ce mata gobe bayan la'asar?

Naka mai saurare kullum,
wani tela a Maradi