Yara nake karewa ko kujera? Amsata ga ƙanena da ya tambaye ni a bainar jama'a

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar Asabar da ta wuce, a taron shekara na shugabannin sikawut na yankinmu, ka karɓi lasifika ka miƙe a gaban iyaye da yara da baƙi, ka ce: "Malam, shekara 19 kana riƙe da wannan runduna. Duk aikin da matasa suka kawo sai ka ce doka ta hana. Ka faɗa mana, yara kake karewa ko kujerarka?" Wasu suka yi tafi. Na ce zan amsa a rubuce, don na san in na buɗe baki a lokacin zan faɗi abin da zan yi da-na-sani a kai. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan amsa.

Ka kawo maganganu da yawa a ranar, amma guda ɗaya ce ta hana ni barci: cewa na soke zangon da yara suka shirya a bakin dam ne don kada a ce wani ya yi abin da ban yi ba. Wannan ta yi mini ciwo ƙwarai, kuma abin da ya ƙara mata zafi shi ne daga bakinka ta fito.

Bari in tuna maka takardar da ka kawo mini. Yara 32, kwana uku a bakin ruwa, tafiyar kusan awa biyu daga gari. Manya nawa? Kai kaɗai, sai wani abokinka da ka ce "wataƙila" zai biyo ku ranar ta biyu. Takardun amincewar iyaye guda 11 ne kawai suka dawo da sa hannu. Na tambaye ka yara nawa ne suka iya iyo, ka ce za a gani in an je. Na tambayi asibiti mafi kusa, da motar da za ta kwana tare da ku, da ko mai garin wurin ya san da zuwanku, duk ba amsa. A kan haka na ƙi sa hannu. Yau ma in aka maido mini da wannan takarda yadda take, ba zan sa ba.

Kuma kai ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya tambaye ni dalili, domin kana nan ranar da na koyi wannan darasi. Shekarata ta biyu ke nan da karɓar runduna, kai kuma kana ɗan shekara 11, ƙyallen wuyanka ma bai saba da wuyan ba. Na kwashe ku ni kaɗai muka tafi bayan gari, ina ji da kaina. Na juya baya ina ɗaure wa wani yaro ƙafar da kwalba ta yanka, sai ihu ya tashi daga bakin kududdufi. Da Allah bai kawo wani masunci kusa ba, da gawa za mu ɗauko. Kai ne ka riƙe takalman yaron da ya faɗa ruwan kana kuka har muka isa gida. Ni kuma na tsaya a zauren gidansu, mahaifiyarsa daga bayan ƙofa ta yi mini tambaya ɗaya: "Malam, da kake ɗaure ƙafar wancan, wa ke duba nawa?" Ban sami abin ce mata ba. Tun daga ranar ban sake fita da yara ba sai da babba na biyu, ko da kuwa share maƙabarta za mu je. Ka manta ne, ko kuwa ka tuna amma ka ga tunawar ba za ta yi maka amfani a gaban lasifika ba?

Ka kafa hujja da Baden-Powell, ka ce shi da ya kafa sikawut tsibiri guda ya kai yara, bai tsaya jiran takardu ba. Gaskiya ne, a watan Agusta na 1907 ya yi zangon farko a tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila. Amma yara 20 ya ɗauka, ya raba su rukuni huɗu, kuma akwai manya da suka taya shi. Gogaggen soja ne da ya san sansani ciki da bai, duk da haka bai tafi shi kaɗai ba. Sannan shi ba a Arewacin Najeriya na yau ya yi nasa ba. Mu nan mun ga Ƙanƙara a Disambar 2020, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana. Mun ga Jangebe a Fabrairun 2021, mun ga Kuriga a Maris ɗin 2024. Waɗannan yara a harabar makarantunsu aka same su. Kai kana so in sa hannu a kwana da 'ya'yan mutane a fili, cikin tanti, da fitilar hannu da usur. Uban da ya ba mu ɗansa ranar Juma'a amana ya ba mu, yana jiran mu maido masa da shi ranar Lahadi da ƙafafunsa.

Dokar manya biyu kuwa tana da wata fuska da ba ma son ambata a taro saboda kunya, amma zan ambata. A Amurka, ƙungiyar sikawut ta ƙasar ta je kotu a Fabrairun 2020 ta ce ta durƙushe, bayan ƙararrakin lalata da yara sun yi mata yawa. Mutane fiye da 82,000 ne suka shigar da koke cewa an ci zarafinsu suna ƙanana, aka ƙare da yarjejeniyar diyya ta fiye da dala biliyan 2. A 2017, a babban taron sikawut na duniya da aka yi a Baku, an amince da manufar kare yara daga cutarwa wadda ta hau kan ƙungiyoyin ƙasashe, kuma Najeriya tana cikin ƙungiyar sikawut ta duniya tun 1961. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ban taɓa zarginka da komai ba, Allah shi ne shaida, kuma ba zan bari wani ya zarge ka a gabana ba. Amma dokar da zan sassauta maka yau saboda na san ka, gobe wani da ba mu sani ba zai zo ya ce a sassauta masa. Kuma tana kare ka kai kanka. A garin nan ƙazafi ɗaya ya isa ya rushe mutuncin malami na shekara 30, kuma wanda ya kwana shi kaɗai da yara ba shi da mai yi masa shaida.

Ko masu kuɗi da jiragen sama ba su tsira ba idan shiri ya yi rauni. A Agustan 2023 an tara 'yan sikawut fiye da 40,000 a Saemangeum ta Koriya ta Kudu. Zafi ya kwantar da ɗaruruwa, ga ƙarancin inuwa da matsalar banɗaki, har Birtaniya ta kwashe mutanenta kusan 4,500 zuwa birnin Seoul, kafin guguwa ta sa aka tashi sansanin gaba ɗaya. Shugabannin da suka kwashe yaransu ba su ji kunyar a ce sun ɓata biki ba. Taken da muke sa yara su maimaita kullum shi ne su kasance cikin shiri, kuma mu manya ya fara hawa.

Sauran maganganunka, na kuɗin yara da na cewa ina bin dokokin Bature ido rufe, ba za su ɗauke ni lokaci ba. Kuɗin da yara suka tara da wankin mota da sayar da dashen itatuwa yana wurin ma'aji, ko kwandala ba ta yi ciwon kai ba, littafin kuma a buɗe yake ga duk mai son gani. Batun gaisuwar 'yan sikawut da hannun hagu, wadda ake ba da labarin an samo ta daga sarakunan Ashanti, mun daɗe da barinta a rundunarmu tun kafin ka zama mataimaki, da dama muke gaisawa kamar yadda iyayenmu suka koya mana. Dogon wando ma ni na roƙa aka yarda mana da shi. 'Yan sikawut na Saudiyya suna nan duk shekara a Mina da Arfa suna nuna wa alhazan da suka ɓace hanya, ba wanda ya ce sun bar addininsu ko sun bar sikawut. Saboda haka kada ka nuna ni a matsayin mai bautar kowace doka da Bature ya rubuta. Na san wadda ado ce, na san wadda rai ya rataya a kanta.

Akwai inda ka yi gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Tushen sikawut shi ne yara shida zuwa takwas su zama rukuni, ɗaya daga cikinsu ya jagorance su, shugabannin rukunonin kuma su zauna su tsara ayyukan runduna, babba yana gefe yana sa ido. Yaran nan sun yi wata biyu suna shiri, ni kuma na yanke hukunci a ofis, na aiko maka da shi a takarda. Kamata ya yi in tara shugabannin rukunoni huɗun nan, in shimfiɗa musu tambayoyin da na yi maka, su da kansu su ga gurbin da ke cikin shirin, su nemo yadda za a cike shi. Ban yi ba. Na hana su tafiya, na kuma hana su koyon abin da ya sa. Wannan kuskurena ne, kuma zan faɗa musu da bakina.

Amma ƙanena, da gyara kake nema, ka san ƙofar gidana. Ka ci tuwo a gidan nan ba sau ɗaya ba. Ni na cike maka takardar zuwa horon shugabanni, ni na ara maka rigar da ka sa ka je. Ka bar duk wannan, ka jira ranar da kwamishinan sikawut da iyaye suke zaune, abokinka yana tsaye a gefe ya ɗaga waya yana ɗauka tun kafin ka fara magana. Kuma kowa ya san saura wata uku a yi zaɓen shugabannin yanki. Ba laifi ba ne ka nemi muƙami, kana da ƙuruciya da ilimin zamani da ni ba ni da su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka taka mutuncina ka hau, a gaban yaran da gobe zan tsaya in ce musu ɗan sikawut mai ladabi ne, mai riƙon amana.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya daɗe yana cin raina, wanda ya wuce ni da kai. Aikin nan namu ya fara komawa aikin hoto. A kira bita a otal, a ce akwai kuɗin mota da takardar shaida, za ka ga manya 40 sun hallara da kaki a goge. A ce ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe za a koya wa yara ɗaurin igiya da agajin gaggawa, mutum uku ne za su zo, su ɗin dai na kullum. Bara mun dasa itatuwa 200 a gefen hanya, aka yi jawabi, aka ɗauki hotuna, aka watse. Da bazara ta zo, wa ya ɗauki jarka? Ni da yara tara muka riƙa zagayawa da kura muna ba su ruwa, muna kewaye su da ƙaya saboda awaki, kuma waɗanda suka rayu ba su kai rabi ba. Ban gan ka ba ko sau ɗaya, kuma ban tashi a taro na tambaye ka ba. Haka kuma ake aro mana yara a tsayar da su a rana tun safe suna jera kujeru a taron 'yan siyasa, a sallame su da ruwan leda. Sau uku ina ƙin bayar da su, sau uku ana kai ƙarata sama. A nan nake buƙatar muryarka mai ƙarfi, amma ban taɓa jin ta ba.

Ka ce kujera. Wace kujera? Ba albashi, ba alawus. Man babur ɗina nake ƙonawa, kuma uwargidana za ta iya lissafa maka bukukuwan 'yan'uwa da na rasa saboda fareti da zango. Na zauna shekara 19 ne domin duk lokacin da na ce zan sauka, sai a dubi juna a rasa mai karɓa. Yaran da suka bi ta hannuna suna nan a gari, akwai malaman asibiti, akwai sojoji, akwai masu shago a kasuwa, je ka tambaye su ko na taɓa cin kuɗin wani ko na hana wani ci gaba. Duk da haka na yarda shekara 19 ta yi yawa ga mutum ɗaya. Kwamitin sikawut na duniya ma wa'adin shekara uku ake zaɓen mambobinsa, kuma ba a wuce wa'adi biyu a jere. A zama mai zuwa ni da kaina zan kawo shawarar mu sa irin wannan iyaka a rundunarmu, ta fara aiki a kaina. Sharaɗina ɗaya ne, kuma zan nemi a rubuta shi: duk mai son karɓa ya kammala horonsa, kuma rajista ta nuna ya halarci Asabar ɗin yara na shekara guda.

Zangon kuma bai mutu ba. Ka samo manya huɗu da za su kwana, cikinsu har da mai horon agajin gaggawa. A karɓo sa hannun iyaye duka 32. A kwana a cikin harabar makaranta mai katanga, a je bakin dam da rana a dawo kafin la'asar, bayan an sanar da mai gari da jami'an tsaro, kuma ba yaron da zai taka ruwa sai an gwada iyonsa. In ka haɗa waɗannan, kai za ka jagoranta, ni zan zo a matsayin ɗaya daga cikin huɗun, in bi umarninka.

Ranar Asabar da ƙarfe bakwai ina filin makaranta tare da shugabannin rukunoni. Tantuna biyu suna ɗakin ajiya, ɗaya ya yage ta gefen ƙofa yana buƙatar ɗinki. Makullin yana hannuna, ka zo ka karɓa.

Wassalam,
Yayanka, kuma malaminka na sikawut.