A shirya laccar tsakar rana kan tarihin jirgin ƙasa a Zariya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu yi kira ga masu kula da kayan tarihi, da malaman tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, da Hukumar Jiragen Ƙasa, su haɗa kai su riƙa shirya gajeriyar lacca da tsakar rana sau ɗaya a wata, kan yadda reluwe ta sauya Zariya. Ba taron ƙara wa juna sani na masu digiri muke nufi ba. Zama ne da tela ko akawu zai halarta lokacin hutun abincin rana ya koma bakin aikinsa.

Abin faɗa yana da yawa. Dogon da ya taso daga Baro, a bakin Kogin Neja, ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi Waƙar Diga kan wannan aiki. A gefen tashar ne Sabon Gari ya tsiro. Daga nan kuma aka ja layin Gusau har Ƙauran Namoda a 1929. Amma wanda matasa suka fi jahilta shi ne ƙaramin jirgin da ke hawa tsaunukan Jos ta Rahama da Jengre har Bukuru, tafiyar kimanin mil 143, don kwaso kuza. Faɗin dogonsa ƙafa 2 da inci 6 ne, na babban layi kuwa ƙafa 3 da inci 6, don haka taragon wannan ba ya hawa dogon wancan. Dole a sauke kaya a Zariya a sake lodi, abin da ya samar wa 'yan dako aiki. Da layin Kafancan ya isa Jos a 1927 sai kasuwar ƙaramin jirgin ta fara ja baya, aka rufe shi a 1957. Wannan batu kaɗai ya isa zama uku.

A yi zaman kusa da tasha a Sabon Gari, domin Samaru, inda jami'ar take, ta yi nisa ga mai hutun awa guda. Kujera 40 ta isa. A duba lokacin da masallacin unguwar ke tayar da azahar, a tashi minti 15 kafin nan: mai lacca minti 25, tambayoyi minti 10. A kauce wa Juma'a, a kuma dakata da azumi.

Abin da ya fi kashe irin wannan zama shi ne bikin buɗewa. Da zarar an ce sai babban baƙo ya iso, sannan a bi manya ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, rabin lokaci ya tafi, wanda ya rufe shagonsa kuma ba zai sake zuwa ba. Addu'a, sai lacca. Na biyu shi ne mai lacca ya zo da maƙala shafi 20 ta Turanci yana karantawa. A yi da Hausa, a ba da takarda shafi ɗaya da Turanci, tunda Sabon Gari gari ne na kowa da kowa. Majigi kuma ba abin dogaro ba ne: wuta na iya ɗaukewa, janareta ya danne murya, hasken rana ya wanke hoton. Gara a buga hotuna 8 zuwa 10 a babbar takarda su zaga hannu zuwa hannu, tare da abu ɗaya da za a taɓa, ko tsohon tikiti ko fitilar mai ba jirgi hannu. Ana iya neman kwafin taswira da rahotanni a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, a kuma ɗauko hoton tsofaffin kawunan ƙaramin jirgin da aka adana a gidan tarihi na Jos.

Kada a bar 'yan fanshon reluwe a kujerar baya. Wanda yake ɗan shekara 18 lokacin da aka rufe layin ƙaramin jirgin, yau ya haura 85. Dattijo irin wannan ba a ce masa ya yi lacca. A zaunar da shi, wani ya riƙa tambayarsa da ladabi: "Baba, a ina jirgi yake shan ruwa? Me ake yi idan ya kasa hawa tudu?" A nemi izininsa kafin a naɗi muryarsa, a ajiye wayar kusa da bakinsa, a rubuta ranar da aka naɗa, a ba iyalinsa kwafi. Idan shekarar da ya faɗa ta saɓa da ta takarda, a rubuta duka biyun, ban da yi masa gyara a gaban jama'a. A kuma tanadi kuɗin Keke Napep na kawo shi da mayar da shi gida.

Wassalam.

Wasu masu nazarin tarihin reluwe,
Sabon Gari, Zariya.