Zuwa Ga Ɗana, A Kan Fargabar Gobe

Ɗana ƙaunatacce,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya. Mu nan ƙalau muke, mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka. Dalilin wannan wasiƙa shi ne maganar da muka fara ta waya ba mu ƙarasa ba, domin akwai zancen da ba ya tsaruwa a baki sai an zauna an rubuta shi. Ka ce karatu ya ƙare amma aiki ya ƙi samuwa, takardun da ka aika ko amsa ba a ba ka ba, sa'o'inka sun yi gaba sun bar ka, barci kuma ya fara yi maka wuya. Daga ƙarshe ka ambata, kamar da wasa, cewa wani ya yi maka tayin gyara takardunka a ƙara abin da ba ka yi ba, don ƙofa ta buɗe. Na san muryarka tun kafin ka iya haɗa kalmomi biyu, kuma na san wannan magana ba wasa ba ce.

Ba zan ce maka faɗuwar gaba asarar namiji ba, ko da yake da wannan karin magana aka tashe mu. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye tsoron mazajensa ba. Dawuda, wanda ya kayar da Goliyat yana saurayi, shi ne mai Zabura 56, wadda ta shafi lokacin da Filistiyawa suka kama shi a Gat, kuma a aya ta 3 cewa ya yi a ranar da tsoro ya kama shi zai dogara ga Allah, wato ya amsa cewa ranar tsoro tana zuwa. Ubangijinmu kansa, a daren da aka bashe shi, ya gaya wa Bitrus da Yaƙub da Yohanna a Getsamani cewa ransa yana cikin baƙin ciki har kamar ya mutu, ya kuma roƙi Uba sau uku a ɗauke masa ƙoƙon in mai yiwuwa ne. Saboda haka kada kowa ya sa ka ɗauki bugun zuciyar da kake ji da tsakar dare a matsayin shaidar cewa bangaskiyarka ta mutu. Abin da nake yi maka gudu shi ne ka bar tsoron ya zama shi ne mai yanke maka shawara.

Ka buɗe 1 Sama'ila sura 13 ka ga abin da nake nufi. Filistiyawa sun yi sansani a Mikmash, mutanen Isra'ila suna ta ɓuya a kogwanni da ramummuka, wasu ma sun haye Urdun sun gudu. An ce wa sarki Saul ya jira annabi Sama'ila kwana 7 a Gilgal, kuma ya jira, amma annabi bai iso ba, mayaƙa kuwa suna zarewa ɗaya bayan ɗaya a kan idonsa. Sai ya ce a kawo masa hadayar, ya miƙa ta da kansa. Gama miƙawarsa ke da wuya sai ga Sama'ila. In ka karanta uzurin da Saul ya bayar za ka ga babu ƙarya a ciki, domin mutane suna watsewa da gaske, abokan gāba sun taru da gaske, annabi kuma ya makara. Haka tsoro yake aiki, da hujjoji na gaskiya yake zuwa, ya jera su a gabanka, sannan ya ce maka ba ka da wata mafita sai wadda Allah ya hana. A ranar nan aka gaya wa Saul cewa sarautarsa ba za ta ɗore ba. Wanda ya yi maka tayin gyaran takarda shi ma gaskiya ya faɗa da ya ce lokaci yana tafiya, wasu kuma sun bi ta nan sun wuce. Amma aikin da ka shiga da takardar ƙarya ba zai raba ka da fargaba ba, domin kullum aka kira ka ofishin shugaba sai gabanka ya faɗi, kana tunanin ko yau ce ranar tonon asiri.

Na san an riga an turo maka Irmiya 29:11, ayar da ta ce Allah yana da shirin alheri domin mutanensa, na ba su bege da makoma. Aya ce mai daɗi, ni ma ina ƙaunarta, sai dai yawancin masu tura ta ba su karanta abin da ke gabanta ba. Wasiƙa ce annabi Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga waɗanda Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, har da sarkinsu da hakimai da masassaƙa da maƙera. Mutane ne da suka rasa gida da gona da haikali, kowa yana ɗokin jin ranar komawa. A lokacin an sami wani annabi, Hananiya, wanda ya tsaya a haikali a can Urushalima ya ce cikin shekara 2 za a karya ikon Babila a komo da komai, har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya ta a gaban jama'a. Kowa zai so ya ji irin wannan. Irmiya kuwa ya rubuta musu cewa shekara 70 ne, abin da ke nufin dattawan da suka ji karatun wasiƙar, da yawa daga cikin matasan ma, a Babila za a binne su. Hananiya ya mutu a cikin shekarar nan, maganar Irmiya ce ta tabbata.

To, me aka ce su yi da waɗannan shekaru? An ce su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su haifi 'ya'ya su aurar da su, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su kuma yi masa addu'a. Mutanen da suke jiran a faɗa musu ranar fita, aikin hannu aka ba su. Alkawarin makoma yana nan daram a aya ta 11, amma yana zaune ne a cikin umarnin a tashi a yi rayuwa a inda ake, ko da wurin ba shi ne wanda aka zaɓa ba.

Irmiya bai tsaya ga rubuta wa wasu ba, shi ma an sa shi ya yi. Sura 32 na fi so ka karanta a tsanake. A shekara ta 10 ta sarautar Zadakiya sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi kuma annabi yana tsare a farfajiyar matsara saboda ya faɗi cewa birnin zai faɗi. Sai ga Hanamel, ɗan baffansa, ya zo har inda yake tsare ya ce masa ya sayi gonarsa da ke Anatot, domin shi ne mai hakkin fansarta. Duk mai hankalin ciniki zai ce wannan zubar da kuɗi ne, ƙasar tana hannun abokan gāba, mai sayen kuma ko ƙofa ba zai iya fita ba. Irmiya ya saya. Ya auna shekel 17 na azurfa a ma'auni, ya sa hannu a takardar, ya buga hatimi, ya kira shaidu, sannan ya miƙa wa Baruk magatakardansa kwafi biyu, wanda aka liƙe da wanda aka bari a buɗe, ya ce a sa su cikin tulun ƙasa domin su daɗe ba su lalace ba, gama za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Abin da ya fi taɓa ni shi ne addu'ar da ya yi bayan an gama cinikin, inda ya ce wa Allah ga mahaurai an tara a jikin garu, ga takobi da yunwa da annoba, amma ka ce mini in sayi gona. Wato ya yi biyayya tukuna, sannan ya kai ruɗewarsa gaban Allah, amsar da ya samu kuwa tambaya ce, ko akwai abin da ya fi ƙarfin Ubangiji. Birnin ya faɗi kamar yadda aka faɗa, shi kuma daga baya aka tafi da shi Masar ba da son ransa ba. A wurina wannan ciniki ya fi kowane bayani nuna abin da ake kira bangaskiya, mutum ya auna kuɗinsa daidai, ya bi ƙa'ida a gaban shaidu, saboda goben da ba shi zai riƙe ta ba.

Taka gonar tana gabanka. Ka ci gaba da aika takardunka na gaskiya, ko da goma sun tafi babu amsa. In ƙaramin aiki ya samu, wanda bai kai matsayin karatunka ba, ka karɓa ka yi shi da aminci, kada girman kai ya hana ka, domin Yusufu yana ɗan shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma tsakanin nan aikin bawa da na ɗan kurkuku ya yi, a duka biyun har aka damƙa masa ragamar komai. Ka koyi wata sana'a da lokacin da kake da shi yanzu, wanda ba za ka sāke samun irinsa ba in aiki ya zo. Dogara ga Allah ba ta taɓa nufin a naɗe hannu ba. Da Ubangiji ya ce a Matiyu 6 kada a damu da gobe, gama wahalar yini ta ishi yinin, damuwa ya hana, bai hana shiri ba. Isra'ilawa a jeji kowace safiya, ban da ranar Asabar, sai sun fita sun tara manna da hannunsu, mudu ɗaya ga kowane mutum, waɗanda kuma suka ɓoye saura don gudun kada gobe a rasa sun wayi gari sun tarar ta yi tsutsa tana wari. Shekara 40 suka yi a haka, ba a taɓa ba su ta wata guda a lokaci ɗaya ba.

Akwai abin da ba zan yi maka alkawarinsa ba, domin Allah bai yi ba. Ba zan ce in ka ƙi hanyar ƙarya lalle wata mai zuwa za a kira ka ba. A Ayyukan Manzanni sura 12 Hirudus ya kashe Yaƙub da takobi, ya kulle Bitrus, mala'ika ya fitar da Bitrus da dare, kuma babu inda aka ce Yaƙub ya gaza Bitrus bangaskiya. Abokan Daniyel uku sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cece su daga tanderu, amma ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkinsa sujada ba. Don haka ka yi hankali da duk wanda zai sa maka rana da wata, musamman in ya haɗa da cewa sai ka ba da wani abu kafin annabcin ya cika. Irin Hananiya ba su ƙare ba, kuma mai fargaba shi ne kasuwarsu. Tushen dogararmu shi ne abin da ya riga ya faru a kan gicciye da kabarin da aka tarar ba kowa. Manzo Bulus ya yi wannan lissafin a Romawa 8:32, cewa wanda bai hana Ɗansa ba, ya bashe shi dominmu duka, yaya zai ƙi ba mu sauran abubuwa tare da shi. Wanda ya ba da mafi tsada ba zai manta da kai a kan ƙaramin ba, ko da yadda zai bayar da lokacin da zai bayar sun saɓa wa tsarinka.

Game da daren da ba ka barci, ga shawarata. In tunani ya taso, kada ka kwanta kana juya shi, ka tashi ka faɗa wa Allah abin da kake tsoro da sunansa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ambaci abin da ya riga ya yi maka ka gode. Wannan shi ne tsarin Filibiyawa 4:6 da 7, kuma wanda ya rubuta shi yana ɗaure ne, yana jiran hukuncin da zai iya zama rai ko mutuwa. Ka rage leƙen hotunan sa'o'inka a waya kafin kwanciya, domin kowa ranar murnarsa yake nunawa, ba wanda yake ɗaukar hoton bashinsa. Kada kunyar tambayar “ina ake aiki yanzu?” ta raba ka da ikkilisiya, ka amsa cewa kana nema, ka zauna cikin 'yan'uwa, ka kuma nemi dattijo ɗaya mai riƙon amana da za ka riƙa buɗe wa cikinka. In rashin barcin ya ci gaba, ko ka ga abinci ya fita ranka, ko zuciyarka ta fara raya maka abin da bai kamata ba, ka je wurin likita ka kuma sanar da ni nan take. Zuwa asibiti ba ya rage wa mutum bangaskiya ko kaɗan.

Ina so ka kira mutumin nan mai tayin gyaran takarda cikin wannan mako ka gaya masa ba ka yi, a taƙaice kuma cikin ladabi, ba tare da barin ƙofar “bari in yi tunani” a buɗe ba. Ka kuma sani cewa ni da mahaifiyarka ba mu ƙirga maka kwanaki, ba mu kuma jin kunyarka a gaban kowa. In zaman can ya yi maka nauyi, ɗakinka yana nan, dawowa gida na ɗan lokaci ba faɗuwa ba ce. Idan ka karanta Irmiya 32, ka rubuto mini abin da ka gani a ciki, ka haɗo da jerin wuraren da ka nema da waɗanda kake shirin nema, domin mu riƙa ambatarsu a addu'ar safe. Mahaifiyarka ta ce ka kira ta ranar Lahadi da yamma.

Alherin Ubangiji Yesu ya kasance tare da kai.

Ni ne,
Mahaifinka