Ƙafar sabuwar mota ta lalace, wakala kuma ta ce garanti bai kai nan ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Dan Allah ka ɗan bani fili in yi magana da ƴan uwana direbobi dake nan Saudiyya, musamman masu jan a-kori-kura irin wadda mutanen nan ke kira wanet, saboda abin da ke faruwa damu a wakalolin motoci, wato dillalan da ke wakiltar kamfanonin ƙera motoci, ya isheni wallahi.

Ni direba ne a Jidda, ina ɗaukar kayan gwari daga kasuwar Halaga zuwa shaguna, wani lokacin har Bahra da Makka. Motar da sunan mu'assasar maigidana take, wato kamfaninsa, sabuwa dal aka ciro ta, garantinta shekara 3 ko kilomita 100,000. Ko kilomita 30,000 bata cika ba gabanta ya fara ƙwanƙwasa in na hau matabb, wato tudun rage gudu na kan titi, sitiyari yana ja gefe ɗaya, tayar dama tana cinyewa ta ciki. Da bakanike ya ɗaga ta a Sana'iyya, unguwar garejoji, sai ga shokazoba ɗaya tana yoyon mai, bushin na roba ya tsattsage, boljoyin ma, mahaɗin da ke riƙe taya, ya fara lilo. Muka kai wakala, ma'aikacin ko leƙa ƙarƙashinta bai yi ba yace ai waɗannan kaya ne masu cinyewa da amfani, garanti bai shafe su ba, kuma ma ku dama lodi kuke mata fiye da kima.

To ni nan ne ban yarda ba. Kowa ya san birki da taya da filta suna ƙarewa, ba mai jayayya akan wannan. Zafin Jidda ma da yake wuce digiri 40 yana busar da roba, kuma gaskiya akwai ƴan uwanmu da suke loda siminti da bulo har bayan mota ya kusa taɓa ƙasa, alhali irin waɗannan motocin abin da aka yi su su ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, yana nan a rubuce a jikin ƙofar direba. Wanda ya yi haka shi ya jawo wa kansa. Amma lodi yana barin shaida, sifirin ɗin baya ne yake fara kwanciya ko ya karye, robar da ke tare shi ta daddage. Motar da sifirinta na baya yake tsaye ƙyam, kuma ɓangare ɗaya ne kawai na gaba ya lalace ɗayan lafiya lau, ta yaya za'a ce lodi ne? Ai tayoyin biyu hanya ɗaya suka bi, rami ɗaya suka faɗa. Wannan ya fi kama da kayan da ya fito da aibinsa tun daga kamfani, kuma dan irin haka ne aka yi garantin tun farko.

Sannan kar wani ya ɗauka ƙara ce kawai a haƙura da ita. Bushin in ya mutu alaimen baya zama, ka gyara yau gobe ya goce, taya ta cinye ka sayi wata. Shokazoba in ta zubar da mai taya bata kama ƙasa sosai, birki sai ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya. Boljoyin kuwa in ya fita kana gudu a babban titin Makka, sai dai Allah ya kiyaye.

Abin da ya fi bani takaici shine yawancinmu bamu san dokar ƙasar nan tana bayanmu ba. Ma'aikatar Kasuwanci ta sha sanarwa cewa yin sabis a wajen wakala baya soke garanti muddin an bi ƙa'idar kamfanin da ya ƙera motar, dan haka ku riƙa ajiye fatura, wato rasit, ta kowane juyen mai da kowane gyara, da kwanan wata da kilomita a jiki. Haka kuma kayan gyaran da ba'a cika nema ba, kwana 14 aka ba wakili ya kawo su, in ya wuce haka mai mota yana da haƙƙin a bashi wata ya riƙa amfani da ita ko a biya shi diyyar kowace ranar da aka ƙara. Akwai lambar 1900 ta kai ƙorafi, akwai manhajar Balagh Tijari a waya, akwai kuma shafin Recalls.sa inda zaka sa lambar shasi ka ga ko an taɓa kiran irin motarka saboda wani aibi. Amma mu da an ce mana "barra daman", wato garanti bai kai nan ba, sai mu sunkuyar da kai mu fita, wani saboda Larabcin bai zauna ba, wani yana tsoron kar maganar ta taɓa iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, wani kuma maigidan ne zai ce ba ruwansa ya cire kuɗin gyaran daga albashi, direban da ke tura ɗan abin da ya samu gida Kano ko Maraɗi shi zai biya kuɗin laifin da bai yi ba.

Shawarata, da ka ji ƙara ka kai ta wakala tun garantin yana da rai, kafin kowa ya kwance ko noti ɗaya. Ka ɗau hoto da bidiyon yoyon da tsagewar, ka sa a buɗe maka takardar shigar mota da ƙorafinka da kilomitar ranar, in sun ƙi gyarawa kace su rubuta maka dalili. Da baki kowa zai iya cewa lodi ne, amma sa hannu akai sai an duba. In motar ba da sunanka take ba ka lallaɓa mai ita ya shigar da ƙarar da kansa, mu ma haka muka yi, maigidana ya shigar, muna jiran amsa.

Ina kuma roƙon shugabannin al'ummarmu na Jidda da Makka da Madina su samu wani mai Larabci ya fassara wa direbobi waɗannan ƙa'idojin da Hausa, ko da muryar WhatsApp ce a riƙa turawa.

Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani direba daga Jidda