Iyakar Maimaici Ita Ke Ɓata Launin Zanen Firaktal

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin ɗaliban kwamfuta na Bauchi, musamman 'yan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa masu gwada zanen firaktal (zanen lissafi da siffarsa ke ta maimaita kanta duk yadda aka zurfafa cikinsa) irin na Mandelbrot, wanda Benoit Mandelbrot ya fito da hotunansa a kamfanin IBM a 1980.

Kowane ɗigo na hoton lamba ce, c, mai kashi biyu: na kwance, da na tsaye mai alamar i. Ana farawa da z a kan sifili, a ninka z da kanta, a tara da c, sakamakon ya zama sabuwar z, a yi ta maimaitawa. Da zarar girman z ya wuce 2, ɗigon ya tsere, sai a ba shi launi gwargwadon zagayen da ya yi. Wanda bai tsere ba har aka kai iyakar zagayen da aka tsayar, a shafa masa baƙi.

To, ba kowane baƙi ba ne na gaskiya. Ɗigon -0.75 + 0.01i sai ya yi zagaye 315 kafin ya tsere, na -0.75 + 0.001i kuwa 3143. Wanda ya tsayar da iyakarsa a 256, duka biyun za su fito baƙi ƙirin, siraran rassan bakin zanen su cushe.

Sai ɗalibi ya ɗaga iyakar zuwa 5000, hoton kuma ya dushe. Dalili? Ya raba yawan zagaye da iyaka wajen zaɓen launi. Ɗigon da ya tsere a zagaye 40 yanzu yana can ƙasan jerin launuka, kusan duk fili ya zama launi ɗaya. A ganina nan ne babban kuskuren. A cire iyaka daga lissafin launi: a yi jerin launuka 256, a raba zagayen da 256, a ɗauki ragowar. Ko nawa aka ƙara iyakar, ɗigon da ya riga ya tsere ba zai sauya launi ba.

A kuma kula da lokaci. Hoto mai 1920 sau 1080 ɗigo 2,073,600 ne, kuma kowane baƙin ɗigo sai ya cinye iyakar gaba ɗaya; batirin laftof bai san wasa ba. A fara da iyakar 200, a riƙa ninkawa biyu, a tsaya idan baƙin ya daina raguwa.

Idan an zurfafa sosai hoto ya koma murabba'ai, wannan ƙarancin lambobin bayan ɗigon desimal ne a lissafin na'ura, ƙarin maimaici ba ya maganinsa.

Naka,
Wani malamin kwamfuta,
Yelwa, Bauchi