Godiya ga ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da suka kula da mahaifinmu

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa a madadin gidanmu da ke Unguwar Rogo, zuwa ga likitocin sashen kunne, hanci da maƙogwaro, da ma'aikatan sashen gashi (masu gasa jiki da motsa gaɓoɓi) na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, musamman kuma malamar gyaran magana da aka haɗa mu da ita. Na so in faɗi godiyar a bainar jama'a, domin abin da ya sami Baba yana samun mutane da yawa a garin nan, akasari kuma a ɗaki ake ɓoye shi.

Baba malamin allo ne, ya fi shekara 30 yana biya wa yara karatu a zaure. Wata asuba cikin hunturu ya zo kurkure baki wurin alwala, sai ruwan ya zubo ta gefen dama. Bakinsa ya karkace, idon dama ya ƙi rufuwa. Kafin hantsi gida ya cika. Wasu suka ce marin aljani ne, wasu suka ce sanyin Jos ne ya buge shi, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne shanyewar ɓarin jiki. Kwana ɗaya muka yi ana tofi da hayaƙi, washegari ƙanwata ta kafe sai an tafi asibiti.

Likitan da ya duba shi bai tsawata mana kan jinkirin ba. Ya ce, "Baba, ɗaga mini girarka." Ta hagu ta ɗaga, ta dama ko motsi, goshin wajen sumul babu tamoji. Ya gwada hannu da ƙafa, ya leƙa kunne, ya sa aka auna suga da hawan jini. Sannan ya yi mana bayani da Hausa cewa jijiya ta 7 cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ita ke motsa fuska, tana bi ta wani siririn rami a ƙashin kunne, in ta kumbura sai ta matse. Ana kiran ciwon da sunan Charles Bell, likitan Sikotilan da ya bayyana aikin jijiyar a 1821. A shanyewar ɓarin jiki goshi yakan ci gaba da motsi, amma ya gargaɗe mu kada kowa ya yanke wannan hukunci a gida. Ya rubuta maganin rage kumburi mai suna prednisolone, ya ce amfaninsa ya fi yawa in an fara cikin awa 72, mu kuma Allah ya sa muna ciki. Aka ba mu maganin ɗigawa a ido, aka koya mana liƙe fatar idon da filasta da dare don kada ya bushe.

Inda ciwon ya fi ci wa Baba rai shi ne karatu. Haruffan ba da mim da wawu duk da leɓe ake fitar da su, leɓen kuma ya saki. Mutumin da ya koya wa ɗaruruwan yara Bismillahi ya kasa faɗinta daidai. Ya daina fita zaure, ya daina cin abinci a gaban mutane saboda tuwo na maƙalewa a kumatu, shayi na zuba a riga.

Malama, ke kika fara tambayarsa sana'arsa kafin ki tambayi ciwonsa. Da kika ji, sai kika ajiye takardar kalmomin da ke gabanki kika ce, "Baba Malam, da haruffanka za mu yi aiki." Kika ba shi madubi, kika nuna masa yadda zai tallafi gefen leɓen da yatsa ya haɗa bakin a hankali: ba, bi, bu, ma, mi, mu. Mu a gida mun ɗauka ƙarfi ake so, har cingam muka sayo masa. Kika hana, kika ce matsa wa fuska da ƙarfi na iya sa tsokoki su koyi motsi tare, mutum ya yi murmushi ido ya runtse. Kaɗan kaɗan, sau da yawa a rana, a gaban madubi. Kika kuma koya masa ƙananan lomomi da share kumatu bayan cin abinci. Da ya tambaye ki ko ya bar shan rubutu, amsarki ta burge ni: ya yi addu'arsa, ya kuma riƙe maganinsa da atisayensa.

A mako na uku gefen bakin ya fara motsi. Cikin wata na huɗu ya hura kumatu iska ba ta fita ba, ma'aikatan sashen gashi suka taya mu murna kamar mahaifinsu ne. Har yanzu in ya gaji idon yakan yi hawaye, kuma muna zuwa duk ranar da aka ba mu.

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku, ya ƙara wa asibitin kayan aiki da ma'aikata irinku. Baba ya ce in gaya wa Malama ya koma zaure tun ranar Asabar, madubin kuma yana aljihun rigarsa.

Wassalam,
Babban ɗansa, daga Unguwar Rogo, Jos.