Zuwa Ga 'Yar'uwar Da Ta Tambayi Dalilin Faɗuwar Bokan Labarina

Assalamu alaikum, Malama.

A taron marubuta kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni: me ya sa na bar bokan labarina ya sha kaye, bayan shi ya hango bala'in da zai ci ƙabilarsa, kuma ya ƙarar da rayuwarsa wajen tare shi? Kika ce zalunci ne a wahalar da mai karatu babi bayan babi, a ƙarshe a ba shi gawa. Lokaci bai bari na amsa ba, ga amsar yanzu.

Daga gindin Dala na ɗauko mutumin nan. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo labarin Barbushe, mai kula da Tsumburbura, abin bautar mutanen wurin a wancan zamani. Bishiya ce kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Yana zaune a kan dutse, ba ya saukowa sai ranakun bauta, jama'a su taru da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, ya shiga da dare, ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Wata rana ya ce wani mutum zai zo da runduna ya mallake ƙasar, in ba a zamaninsu ba to a zamanin 'ya'yansu. Suka tambaye shi magani, ya ce babu, sai haƙuri. Aka ce Bagauda, sarkin Kano na farko, ya iso wajen shekarar 999.

Barbushe ya sallama. Nawa bokan ya ƙi, nan kaɗai muka rabu da tarihi.

To, ki dubi tarkon da yake ciki. Jama'a suna jin tsoronsa ne saboda bakinsa bai taɓa faɗuwa ƙasa ba. In ya yi nasarar kawar da abin da ya faɗa, ya ƙaryata kansa, gobe ko yaro ba zai saurare shi ba. In maganarsa ta tabbata, mutanensa sun halaka. Yana yaƙi ne da gaskiyar bakinsa, kuma ya sani. Shi ya sa a daren da ya yanka bunsuru na ƙarshe na sa hannunsa yana rawa, wuƙar ta ƙi ci, yaron da ke riƙe masa ƙwarya ya kau da kai. Da na ba shi nasara bayan wannan dare, da na mayar da shi ɗan damfara mai sa'a, irin masu baza layu a bakin kasuwa.

(Masu cewa ina tallata tsafi kuwa, gaibu Allah kaɗai Ya san shi. Ƙagaggen labari ne, kuma duk ƙarfin bokan bai tsinana masa komai ba.)

Inda na yarda da ke shi ne batun wahalar. Amma irin wannan faɗuwa ba ta zuwa dare ɗaya. Zuwan Bagauda bai kashe Tsumburbura ba. Sai zamanin Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, aka fasa katangar. Shekara ɗari uku ke nan masu bautar suna riƙe da asirinsu, sarakuna na lallashi, su suna ƙi. Ni a babi kaɗan na matse wannan jan ƙafa: yau mafarauta sun daina kawo masa cinya, gobe ɗan'uwansa ya koma wajen baƙi, jibi ya yi kira a dandali ba wanda ya fito sai tsofaffi. Mashin da ya soke shi daga baya ya tarar da aiki ya riga ya ƙare.

Kin roƙa in sauya ƙarshen idan za a sake bugawa. Ki yi haƙuri, ba zan taɓa shi ba. Amma yaron nan mai ƙwarya yana raye, kuma da shi littafi na biyu zai fara.

Wassalam,
Ɗan'uwanki marubuci.